NAUYIN DA KE KAN MALAMAI WAJEN KOYA WA ƊALIBAI RIƘON AMANAR GARINSU

(Wannan shi ne matanin laccar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman makarantun firamare da na Islamiyya, wanda aka gudanar a lokacin dogon hutu. Mun kawo ta ne saboda roƙon 'yan'uwan da ba su sami damar halarta ba.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ni'imta mu da ƙasa da ruwa da tsirrai, Ya kuma danƙa mana amanarsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da aka ɗora mana a wannan zama shi ne yadda za mu tarbiyyantar da ɗalibanmu su tashi a matsayin 'yan ƙasa masu kishi da motsi, waɗanda za su raya garuruwansu rayawa mai ɗorewa. Amma kafin mu shiga cikin bayani, muna so mu ba ku labarin wani abu da ya faru a kan idonmu, domin shi ne ya sa muka amsa wannan gayyata.

A daminar bara mun kai ziyara wata makarantar firamare a cikin birni. Ba sai mun ambaci sunanta ba, domin irinta suna da yawa, kuma tamu ma ba ta kuɓuta ba. Mun tarar ana yi wa 'yan aji shida darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa. Malamin ya tambaye su siffofin ɗan ƙasa nagari, suka rero su da Turanci baki ɗaya, babu ko tuntuɓe. Muka yaba musu. Sa'an nan muka ce da su: wannan ruwan da ya kwanta a ƙofar makarantarku, wanda sai da muka naɗe ƙafar wando kafin mu tsallake shi, daga ina ya taso, ina ya kamata ya bi, kuma me ya tare shi? Aji ya yi tsit. Muka ce to wane ne kansilan mazaɓarku? Nan ma shiru. Can sai wani yaro ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malam, ai wannan ba ya cikin littafi."

Wallahi yaron nan gaskiya ya faɗa, kuma laifin ba nasa ba ne. Mu ne muka saba masa da cewa ilimi shi ne abin da ke tsakanin bangon littafi biyu, abin da ke ƙofar makaranta kuwa na gwamnati ne. To abin da muka zo mu faɗa a yau guda ɗaya ne, sauran duk sharhi ne a kansa: yaro ba ya koyon riƙon amanar gari sai an danƙa masa wani yanki na garin ya riƙe da hannunsa, an kuma tambaye shi yadda ya riƙe shi.

ME AKE NUFI DA WAƊANNAN KALMOMI?

Maganar "ci gaba mai ɗorewa" ta shahara a duniya ne daga shekarar 1987, lokacin da wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahotonsa a kan muhalli da ci gaba. Taƙaitaccen abin da ake nufi shi ne mutanen yau su ci moriyar ƙasa ta hanyar da ba za su bar jikokinsu hannu rabbana ba. A shekarar 2015 ƙasashen duniya, har da Nijeriya da Nijar, suka amince da muradu 17 da ake fatan cimmawa kafin 2030. Na 11 a cikinsu ya shafi birane da garuruwa masu ɗorewa, na 4 kuma, wanda ya shafi ilimi, ya ƙunshi sharaɗin a koya wa kowane ɗalibi wannan al'amari.

Kada girman waɗannan sunaye ya ruɗe mu. Manomin da ke ware iri kafin ya buɗe rumbu ya san ɗorewa, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Gari mai ɗorewa shi ne wanda rijiyarsa ba ta ƙafe ba saboda sakaci, gonarsa ba ta mutu ba saboda haɗama, ruwan samansa yana da hanyar wucewa, kuma talakan cikinsa yana da inda zai kai kuka a saurare shi. Ɗan ƙasa mai motsi kuwa shi ne wanda in ya ga ɓaraka a abin da jama'a suka yi tarayya a kansa, ba ya cewa "ba ruwana". Ko dai ya gyara in yana iyawa, ko ya tara waɗanda za su gyara tare, ko ya je wurin wanda nauyin ke wuyansa ya tunatar da shi, ya kuma koma ya sake tunatarwa.

HALIN DA MUKE CIKI

Wani zai ce wannan magana ta masu ƙoshi ce, mu da muke fama da rashin kujeru da alli. To bari mu duba abin da sakaci da amanar gari ya jawo mana, mu ga ko ta masu ƙoshi ce.

A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 bayan irin wannan ambaliya ta 1994. A watan Mayu na 2025 ruwa ya afka wa garin Mokwa a Jihar Neja da asuba, aka rasa rayuka fiye da 150. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a faɗin Nijeriya, ta raba mutane fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jihar Jigawa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Dattawanmu na Kano ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba. Saukar ruwa ikon Allah ne, babu mai jayayya. Amma cike kududdufan da kakanninmu suka bari suna haɗiye ruwan damina, da yanka filaye a kan hanyar ruwa, da toshe magudanai da ledar fiya-wata, da barin madatsa shekara da shekaru babu gyara, waɗannan aikin hannunmu ne.

A 2021 cutar amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, mafi yawansu a jihohin Arewa, alhali kuwa hanyarta sananniya ce: bayan gida ne ke haɗuwa da ruwan sha. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake daka duwatsun zinariya a tsakar gida, ƙurar ta shiga abinci da ƙasar da yara ke wasa a kai. Yara kimanin 400 suka rasu. Babu uban da ya yi nufin kashe ɗansa. Rashin sani ne, da rashin wanda zai tsaya tun da wuri ya ce jama'a, wannan mace-macen yara ba na banza ba ne.

Ta fuskar ƙasa kuma, Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye a lokacin farin shekarun 1970 da na 1980 har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Ya ɗan farfaɗo daga baya, amma bai koma yadda yake ba. Duk wanda ke bin manyan hanyoyinmu yana ganin motocin itace da buhunan gawayi suna kwarara cikin birane dare da rana. Idan makiyaya ta ƙare, burtali ya zama gona, kowa ya san abin da ke biyo baya tsakanin manomi da makiyayi.

Yaran da ke gabanmu a aji su ne za su zauna a cikin waɗannan garuruwa nan da shekara 30. A cikinsu akwai wanda zai riƙe biron sa hannu a takardar fili, da wanda za a ba kwangilar gyaran madatsa, da uwar da za ta ɗebo wa 'ya'yanta ruwan sha. Abin da muka dasa musu yau shi za su yi aiki da shi a ranar.

ABIN DA MUKA GADA

Ba baƙon abu muke kira a shigo da shi ba. Sayyidina Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma a Madina da dukiyarsa ya mai da ita waƙafi, kowa ya sha. Sayyidina Umar (RA) ya keɓe makiyaya a Rabaza domin dabbobin baitulmali, ya kuma umurci mai tsaron hurumi da ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su yi kiwo a ciki. A nan ƙasarmu Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen raya matacciyar ƙasa da mallakarta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya kafa garuruwa, ya ƙarfafa noma da sana'o'i a cikinsu. Nana Asma'u ba ta jira ɗalibai su same ta a ɗaki kawai ba, ta horar da jajoji ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata.

A al'adar zamanmu kuma akwai aikin gayya. Da shi ake yashe rijiya, a gyara hanya da maƙabarta, a yi wa gajiyayye noma, a tayar wa wanda gobara ta ci ɗaki. Abin lura a nan shi ne, ba a korar yara daga wurin gayya. Wannan ya ɗauko ruwa, wancan ya miƙa kwando. Ba a taɓa zaunar da su an ce yau darasinmu shi ne taimakon juna ba, amma sun tashi sun san cewa rijiyar gari tasu ce. Wannan makaranta ce muka rushe, ba mu gina wata a madadinta ba, sai muka sa littafi a gurbinta.

Hukuma ta yi nata ƙoƙarin. A manhajar ilimin bai-ɗaya ta 2007 an shigar da darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa, daga baya aka yi ta sake masa fasali ana haɗa shi da wasu darussa. Tun kafin nan, a mulkin soja na 1984 zuwa 1985, an tilasta wa jama'a layi da sharar gari. Waɗanda suka ga zamanin sun san gari ya yi tsaf, sun kuma san abin da ya faru da aka ajiye bulala. Abin da tsoro ya kawo, tafiyar tsoro ce ke tafiya da shi. Abin da aka haddace domin jarrabawa kuwa, a zauren jarrabawa ake baro shi.

DARASI DAGA MARAƊI

Ga misali ɗaya daga 'yan'uwanmu na Nijar, wanda ya kamata kowane malami ya ba ɗalibansa labarinsa. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa a yankin Maraɗi, amma akasarinsu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa a gonakinsu kowace bazara ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi rassa masu ƙarfi a kowane kututture ya bar su, ya datse sauran, ya kare su daga gatari. Mutanen yankin suka kira wannan dabara "sassaben zamani".

Da farko an yi wa masu yin ta dariya, ana cewa ƙazaman manoma ne. Amma da aka ga amfanin itacen girki da abincin dabbobi da kariya daga iska, da yadda gero ke kyau a ƙarƙashin gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya ba ƙasa taki, sai maƙwabci ya riƙa koya daga maƙwabci. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar, musamman yankunan Maraɗi da Damagaram, an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5. Wani babban dalilin nasarar shi ne manoma sun sami tabbacin cewa itacen da suka raina a gonarsu nasu ne.

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa shingen itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, wanda a Nijeriya ya shafi jihohi 11 na Arewa. Shiri ne mai kyau, muna yi masa fatan alheri. Amma darasin Maraɗi ya nuna mana cewa itace ba ya rayuwa da bikin dashe, sai da mutumin da ke ganin nasa ne. Haka tarbiyyar ɗan ƙasa take. Saiwar tana nan da rai a cikin yaranmu, mu ne muke sassabe tohon kowace shekara.

ABIN DA MALAMI ZAI IYA YI

To, 'yan'uwa, ga hanyoyi shida da ba sa bukatar kasafin kuɗi, sai niyya da juriya.

Na farko, a fita da ɗalibai su karanci unguwarsu. Washegarin ruwan sama malami ya zaga da su, su bi sawun ruwa daga inda ya taso zuwa inda ya tsaya. Su zana taswirar unguwa a takarda, su sa rijiyoyi da famfon tuƙa-tuƙa da juji da magudanai da manyan itatuwa. Su auna da taku nisan da ke tsakanin rijiya da masai mafi kusa da ita, malami ya gaya musu cewa ma'aikatan lafiya suna son a sami tazarar kamar mita 30, ya kuma bayyana musu dalili. Su ɗebo ruwan da ya kwanta a kwalba su rufe bakinta da ƙyalle, su ga da idonsu yadda 'yan tsutsotsin ciki ke zama sauro cikin 'yan kwanaki. Gani ya kori ji. A wannan fita guda an yi lissafi, an yi kimiyya, an yi labarin ƙasa.

Na biyu, kowane ɗalibi ya sami itacensa. A farkon damina a ba shi dashe ɗaya, ko darbejiya ko zogale ko mangwaro ko tsamiya, a rubuta sunansa a littafi tare da wurin da ya dasa. Shi zai yi masa shinge saboda awaki, shi zai ba shi ruwa. Makarantun da ke da wurin alwala su haƙa 'yar hanya ruwan ya riƙa gangarawa gindin itatuwa maimakon ya kwanta a hanya. Kuma kada a ba da maki ranar dashe. A bari sai bazara ta wuce, a zaga a ga na wa ya rayu. Wanda nasa ya mutu kada a doke shi, a tambaye shi me ya kashe shi, a ba shi wani. Yaron da ya yi shekara shida yana rainon itace zai yi tunani kafin ya sa wa wani gatari.

Na uku, a mai da aji ƙaramin gari. Maimakon malami ya naɗa monita don ya fi kowa ƙarfi, ɗalibai su zaɓi shugabansu da ma'ajinsu na zango guda. In an tara 'yan kuɗin sayen tsintsiya ko randa, ma'aji ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya karanta a gaban aji ƙarshen kowane wata, kowa kuma yana da ikon tambaya. A nan yaro zai koyi shawara, ya koyi haƙuri in bai ci zaɓe ba, ya kuma koyi cewa tambayar shugaba ina kuɗi suka shiga ba rashin kunya ba ne, kuma amsa wannan tambaya ba ƙasƙanci ba ne.

Na huɗu, su san wanda nauyin kowane abu ke kansa, su kuma koyi yi masa magana. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 24 ya jera wajiban ɗan ƙasa, a jadawali na 4 kuma ya jera ayyukan ƙananan hukumomi, waɗanda suka haɗa da kwashe shara, da kula da magudanan ruwa da kasuwanni da maƙabartu. Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, kuma a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Ɗalibin aji shida ya isa ya san wannan. In ɗalibai sun gano kwalbatin da ya toshe, abin da za su iya da hannunsu su yi, wanda ya fi ƙarfinsu su rubuta takarda cikin ladabi, da kwanan wata da bayanin wurin, hedimasta ya sa hannu, a biya ta wurin mai unguwa a kai wa kansila. A ajiye kwafi. Bayan wata guda in ba a ga komai ba, a sake rubutawa. Ko an gyara ko ba a gyara ba, yaran sun koyi cewa tsakanin yin shiru da ƙona taya akwai hanya ta uku. 'Yan sakandare kuwa a sanar da su cewa tun 2011 akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani a rubuce daga ma'aikatun gwamnati, kuma tun 2018 mai shekara 25 yana iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Wannan "ba ruwana" ce ta girma ta yi gemu.

Na biyar, wannan ga malaman Islamiyya musamman: a haɗa karatun da ake yi da abin da ke waje. Yaranmu suna karanta rabe-raben ruwa a Ishmawi, sun san hukuncin ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita. Sun karanta ladubban biyan bukata, sun ji hanin ɓata hanya da inuwa da mashaya, sun ji hanin almubazzaranci da ruwa ko a wurin alwala. To me ya hana bayan an shafa fatiha a ce su je su duba randar makaranta da bayan katangarta? Haka nan bayanin farillar da in wasu suka yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi: kada misalinmu ya tsaya a kan sallar jana'iza kaɗai, a nuna musu cewa maslahohin da gari ba ya zaunuwa sai da su suna da irin wannan nauyi.

Na shida, a tura su wurin tsofaffi. Kowane ɗalibi ya tambayi kakansa ko kakarsa: ina kududdufin unguwar nan yake a da? Waɗanne itatuwa ne a bayan gari da yanzu babu su? Gaba nawa ake haƙa rijiya a tarar da ruwa a lokacin ƙuruciyarku, yanzu kuma gaba nawa? Ta ina shanu ke bi? Su rubuto amsoshin da Hausa a karanta a aji. Da wannan za su gane cewa garin da suka tarar ba haka yake tun fil'azal ba, mutane ne suka mai da shi haka, saboda haka mutane suna iya gyara shi.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Akwai kurakurai da in ba mu kauce musu ba, gyaran zai koma ɓarna. Babba a cikinsu shi ne mai da shara horo. A yawancin makarantunmu wanda ya makara shi ke tsintar leda, wanda ya yi surutu shi ke wanke masai. Da hannunmu muke koya wa yaro cewa tsabtace wuri aikin mai laifi ne, sa'an nan mu yi mamaki in ya girma yana ƙyamarsa. A raba aikin bi da bi a kan kowa, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, malami kuma ya fara ɗaukar tsintsiya.

Haka nan kada a fake da wannan a mai da 'ya'yan mutane leburori a gonar malami ko gidansa, wannan cin amana ne. Kada a sa yara su shiga kwata da hannu ko ƙafa babu kariya, aikin da ke da haɗari na manya ne. Kada a shigo da siyasar jam'iyya cikin aji. Kansila ko na wace jam'iyya ne, haƙƙin unguwa yana kansa. Kada a ware 'yan mata a ce nasu shara ce kawai, zaɓe da rubuta takarda na maza ne, alhali su ne za su riƙe ruwa da makamashin gidajen gobe. Kuma in unguwa tana da maƙwabta waɗanda ba addininmu ɗaya ba, a gayyace su aikin, domin ambaliya ba ta tambayar addinin mai gida kafin ta shiga.

Mun san uzurin da ke zukatan wasunmu: aji ya cika maƙil, albashi ba ya kai wata, manhaja ta yi yawa. Duk gaskiya ne, mu ma a cikinsa muke. Ba mu ce a ɗauki shidan nan a rana ɗaya ba. Kowace makaranta ta zaɓi guda ɗaya a zangon da za a shiga, ta sanar da iyaye da kwamitin makaranta da mai unguwa tun kafin a fara, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mun sake haɗuwa baɗi, in Allah Ya kai mu, kowa ya zo da littafinsa: itace nawa aka dasa, nawa suka rayu, takarda nawa aka rubuta, wace amsa aka samu.

KAMMALAWA

'Yan'uwa malamai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Injiniyan da zai duba madatsa ya rubuta gaskiyar abin da ya gani, da jami'in da zai ƙi sa hannu a yanka fili a kan hanyar ruwa, da ciyaman ɗin da zai karanta wa jama'a lissafin kuɗinsu ba tare da jin an ci masa fuska ba, duk suna zaune a gabanmu yanzu a kan tabarma ko benci, ba su wuce shekara goma ba. Iyayensu sun danƙa mana su amana, garin da za su gada shi ma amana ne, kuma za a tambaye mu a kan duka biyun.

Yaron nan da ya ce mana ruwan ƙofar makarantarsu ba ya cikin littafi, muna bin kanmu bashin amsa gare shi. Amsar kuwa ita ce mu kama hannunsa mu fita da shi, mu nuna masa inda ruwan ya toshe.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare garuruwanmu daga fari da ambaliya da annoba, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, mu kuma Ya ba mu ikon tunatar da su da kyakkyawan lafazi.